Ƙarfen gawayi da gem ɗin abokina

Shekarun baya, lokacin ina gyaran rediyo da tocila a wata 'yar rumfa kusa da tashar Rano, na yi wa abokina abin da har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Da azumi a bakina na yi shi.

Abokin nan nawa ɗan Kahu ne, tare muka yi firamare. Acaɓa yake yi a birni, da aka hana sai ya sayar da babur ɗin ya dawo gida. Ya sayi talabijin da ƙaramin janareta da gem ɗan gwanjo, irin wanda samari ke buga ƙwallo da shi, ya kama ɗaki a Kibiya ya buɗe gidan gem. Gem ɗaya tal. Da shi yake ciyar da matarsa da 'ya'ya biyu.

Saura kwana huɗu Ƙaramar Sallah sai ga shi da hantsi, ya naɗe gem ɗin a cikin sallaya. Ya ce hoto ya ɗauke. Fitila tana kamawa, fanka tana juyawa, amma talabijin baƙi ƙirin. Ya daɗe yana fama, wai in hoto ya fara rawa sai ya cusa tsinken ashana a gefen wayar ya tokare ta. Yanzu tsinken ma ya daina aiki. Ga shi wani ya buɗe sabon gidan gem a tsallaken titi, kuma kowa ya san duk inda samari suka yi Sallah, can suke zama.

Ya ce, "Mutumina, leƙa min kawai ka gaya min ko mene ne. Mota zan shiga in kai Kano."

Maganar Kanon nan ce ta ɓata min rai. Ni da ake ce wa injiniya tun daga Zurgu har Zinyau, a gaban masu shiga mota a ce in leƙa kawai?

Na ce, "Su na Kanon hannu huɗu ne da su? Ajiye nan. Ka dawo bayan la'asar."

Ya ce, "Ka taɓa buɗe irinsa?"

Na ce, "Sun fi a ƙirga." Ban taɓa ba. Ko riƙe shi ban taɓa yi ba sai ranar.

Farkon aikin dai na yi shi daidai, wannan kaɗai zan iya faɗa wa kaina. Na ari wata waya wajen mai cajin waya na gwada, babu hoto. Na kai gem ɗin kan talabijin ɗin mai shayi, babu. Da na haska tocila cikin ramin da ake soke wayar hoto a bayansa, sai ga ciwon a fili. Ƙananan haƙoran ciki sun lanƙwashe, ɗaya ya karye, soket ɗin kansa yana motsi kamar haƙorin tsoho. Nan ya kamata in tsaya in ce masa soket ne, je ka a sake maka. Da kafin magariba ya dawo Kibiya da abinsa.

Sai na kwance shi.

Mu a wajenmu wuta ba ta zama, don haka ƙarfen liƙina ba na lantarki ba ne. Guntun tagulla ne mai ƙota, ana tura shi cikin garwashi a kurfoti har ya yi zafi, a goge bakinsa, a ɗora a kan dalma. Da shi nake liƙa wayar rediyo, da shi nake toshe bokitin mata in ya huje. Bakinsa ya kai babban yatsana. Ƙafafun soket ɗin nan kuwa, inda suka zauna a kan koren farantin da ke cikin gem ɗin, kamar gashin gira suke, a jere, ko tsinin allura ba zai shiga tsakaninsu ba. Na gani da idona. Na ce ai dalma dalma ce.

Ina ɗora ƙarfen, dalma ta malale ta haɗe su duka. Na sake zafafa shi don in share, robar soket ta narke, wari ya tashi. Haushi ya kama ni, na sa filaya na fizge soket ɗin. Ya fito, amma ya taho da siraran layukan tagullar da ke kan farantin. Wurin ya yi baƙi kamar gindin tukunya.

Daga nan na mayar da soket ɗin na manna shi, na ɗaure kusoshi, na goge ƙura da gefen rigata.

Da ya dawo ban bari ya zauna ba, na hau shi da faɗa. Na ce tsawa ce ta shekaranjiya ta bi ta janareta ta ƙone cikin, shi kuma ya ƙarasa shi da tsinken ashana. Na ce wane irin baƙauye ne zai tokare kayan lantarki da icce kamar ƙofar akurki? Mutane suka yi dariya.

Ya ce, "Amma ɗazu yana kamawa. Ba ka taɓa komai a ciki ba?"

Na ce, "Wallahi buɗewa kawai na yi na rufe."

Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Yi haƙuri, na ɓata maka yini." Wannan haƙurin da ya ba ni shi ne abin da ya fi ƙona min rai har gobe.

Washegari ya tafi Kano. Ya dawo ana gobe Sallah, hannu wofi, ya tsaya a bakin rumfata ko sallama bai yi ba. Ban taɓa ganin idonsa haka ba.

Ya ce, "Mai gyaran ya sa ni na leƙa ta madubin ƙara girma. Ka san abin da ya tambaye ni? Ya ce wane maƙeri na kai wa? Tsawa tana barin dalma, injiniya? Tsawa tana da filaya?"

Na fara cewa ai su 'yan birni haka suke ɓata aikin mutane.

Ya daka min tsawa. "Rufe min baki! Aikin awa ɗaya ne, ka mayar da shi na sati biyu. Layi ɗaya ɗaya zai bi yana haɗawa da siririyar waya, shi ma sai bayan Sallah, kuma bai yi alkawarin zai tashi ba. Da ka ce ka ƙona, wallahi da na ce ƙaddara ce. Amma ka zage ni a gaban jama'a, ka rantse da azumi a bakinka, ni kuma kamar jaki ina ba ka haƙuri!"

Mai shayi ya juya yana wanke kofin da ya riga ya wanke.

Gem ɗin ya tashi bayan sati uku. Amma samari sun riga sun yi Sallah a tsallaken titi, can suka zauna. Ya yi wata biyu yana kunna janareta don mutum ɗaya ko biyu, daga ƙarshe ya sayar da komai ya koma gonar mahaifinsa.

Na je wajen malaminmu na tambayi kaffarar rantsuwata, ina fatan ya ce in yi azumi uku in huta. Ya ce wanda ya rantse a kan ƙarya yana sane ba shi da kaffara, sai tuba, kuma tubar ba ta cika sai na nemi mai haƙƙi. Na fita ina jin haushin malamin ma. Sai da kaka ta yi sannan na iya hawa mota zuwa Kahu. Na same shi yana yankan dawa. Na faɗi abin da na yi tun daga kurfoti har rantsuwa, ban rage komai ba.

Bai ajiye lauje ba. Ya ce, "Na yafe, don kada mu tsaya gaban Allah a kan gem. Ka gaida gida."

Ba rashin kayan aiki ne ya cuci abokina ba, kada wani ya ba ni wannan uzurin. Na san ƙarfena ya yi wa aikin girma tun kafin in tura shi a wuta. Kalma uku ce ta gagare ni faɗa: "Ban iya ba." Yanzu ina faɗarta kusan kullum a rumfa, ban ga ta rage ni da komai ba, kuma wannan ma haushi yake ba ni, don da ita kaɗai da mutum yana nan da sana'arsa.

Ɗakin nan na Kibiya taki ake sayarwa a ciki yanzu. Bara na ga abokin nawa a ƙofar, yana ɗora buhu a kan keke.