Tsargiyar da Na Ɗauko a Kanal

Assalamu alaikum. Na daɗe ban saka komai a nan ba, har wasu sun ce ko an ƙwace mini waya. Ba a ƙwace ba. Ciwo na yi, irin wanda na kasa faɗa.

Bayan na gama aji shida na lakwal, wato firamare, Baba ya tura ni Jiratawa wurin Gwaggo, in taya ta aikin garka, wato lambu. Zogale muke tsinka. In rana ta yi zafi sai mu shiga kanal ɗin da ke kai ruwa cikin garake, mu wanke ganye, mu wanke kaya, mu yi wanka. A can sama masu feshin maganin ƙwari ke ɗauraye tankinsu. Yara kuma a ciki suke fitsari. Ruwan yana gudu, garau da shi, ban taɓa jin ƙyamarsa ba.

Na dawo gida Sabon Gari lafiya lau. Sai daga baya na fara ganin jini a ƙarshen fitsari, da zafi kamar an zuba barkono.

Na ce to, girma ne ya zo. Na yanki tsumma na saka kamar yadda ƙawayena ke faɗa, na ajiye salla. Amma tsumman bai taɓa ɓaci ba, jinin kuma bai tsaya ba. In yi salla ne ko in bari? Ban sani ba. Wata rana in yi, wata rana in zauna bisa tabarma ina kuka.

Za ku ce me ya hana ni gaya wa Inna. Ni ce 'yar fari. Inna ba ta kiran sunana, "ke" take ce mini, ko "waccan". Ba ma haɗa ido. Ba don ba ta sona ba, haka ta tashi ta gani. Ta ina zan fara?

Na koma rage shan ruwa don kada in riƙa zagayawa. Gidanmu na haya ne, ban ɗaki ɗaya, kullum da mai jira a ƙofa. Sai in yi ta zuba buta kada wani ya ga ja. Matar maƙwabcinmu har tana tsokanata: "Amarya, wanka kike ko gini?"

Na rame. Idona ya yi fari. In na ɗauki bokiti sai ƙasa ta juya.

Kakata da ke Tsibiri ta zo, ta ja fatar idona ta ce, "Shawara ce." Ta haɗo jiƙon sassaƙe mai ɗaci. Na sha. Na san ba ita ba ce, amma bakina ya ƙi buɗewa.

Ranar da na faɗi a bakin murhu, zazzaɓi ya rufe ni, Inna ta tare kabu-kabu muka tafi asibiti.

Mai rubuta suna ya ce, "Sunan yarinya?" Inna ta ja mayafi ta kalli bango. Ta zungure ni: "Ke, ba da ke ake ba?"

Lokotoron, wato likitan, namiji ne. Ya yi ta tambaya, ni kuwa ina kallon takalmina. Sai wata ma'aikaciya, Madam ake ce mata, ta ce, "Ku bar mini ita." Ta kai ni bayan labule, ta miƙo ƙaramar kwalba. "Ɗiyata, ba sai kin yi magana ba. Cika mini wannan."

Da ta ga launinsa ta ce, "Wane ruwa kike shiga?"

Na ce kanal.

Aka yi analiz, wato awon fitsari da na jini, aka ɗauki hoton mara. Tsargiya ce, ta daɗe har ta ji wa marata ciwo, jinina kuma ya yi ƙasa. Aka ba ni gado, aka ɗaura ƙarin ruwa. Hannu ɗaure, fanka ba ta juyawa, ina kallon silin. Tsorona ɗaya, kada a ce ba zan taɓa haihuwa ba. Inna ta sayar da tunkiyarta aka biya awo da gado.

Madam ta yi mana bayani. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar cutar su shiga dodon koɗi, su fito su huda fatar duk wanda ya taka. Ba sai ka sha ba. Ta juya ga Inna: "Hajiya, kunyar nan taku ta kusa cinye yarinya."

Da Madam ta fita, Inna ta zauna bakin gado ta riƙe ƙafata. A hankali ta ce, "Da kin gaya mini, Balki." Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Muka yi ta kuka, ba wanda ya kalli wani.

Maganin kansa manyan ƙwayoyi ne farare, aka ba ni bayan an auna nauyina. Na sha bayan cin tuwo, jiri ya kwashe ni, na yi amai. Sannu a hankali fitsari ya washe. Lokotoro ya ce marar za ta warke.

Alhamdulillahi. Na gode wa Allah, da Inna, da Baba, da Madam.

Amma an ce magani ba ya hana ta dawowa in ka sake shiga ruwan. Gwaggo da 'ya'yanta har gobe a ciki suke wuni, don abincinsu yana wurin. Na kira ta na ce su daina shiga. Ta ce, "To mu sha iska?" Ta dai yarda za ta kai su awo.

'Yan uwa, kada ku yi fitsari ko bayan gida a kanal ko tabki, kada ku wanke tankin feshi a ciki. Ruwan wanka ku ɗebo na famfo in da hali. Jini a fitsari ba girma ba ne, ga mace ko namiji, ku je asibiti.

In kuma bakinki ya yi nauyi kamar nawa, nuna wa innarki wannan rubutun, ki ce mata, "Ni ma."