Ƙwai Ɗaya a Faranti

Jama'a, yau na kasa ƙarasa jarrabawa!

Na shiga aji biyar in gwada sanin ɗalibaina kan abinci mai gina jiki. Na jera wake, gyaɗa, lemo da dafaffen ƙwai ɗaya a faranti, kowa ya zo ya faɗi amfaninsu.

Hauwa, wadda suka gudo daga ƙauyen Kusasu, ta zayyano duka, ko kuskure babu!

Na ce, "Madalla! Wanne kika ci jiya?"

Ta ce, "Malama, tun da 'yan bindiga suka hana mu noma, ganyen tafasa muke ci. In an gama, ƙwan nan zubarwa za a yi?"

Na ɗago kai. Wallahi duk ajin ƙwan suke kallo!

Ni 'yasu, wa zan ba?