Harsashin Zabbi a Fuskar Amale

Ko gigin tsufa ya kama ni har na manta sunayen jikokina, akwai rana ɗaya da ba za ta fita daga raina ba. Ita ce ranar da na ɗaga bindiga a kan raƙumin wani bawan Allah, alhali na san abin da ke cikinta bai isa ba.

A lokacin ina tuƙa motar ɗaukar ma'aikata a wani kamfanin ma'adinai a Arlit. Daga Damagaram na zo da bindigar da na gada wajen mahaifina, mai baki ɗaya, irin wadda muke ce wa duz, da takardarta da komai. Ranar hutu sai in ari motar wani abokina in nufi wajen Gougaram, in bi kori, busasshen rafin nan mai itatuwa, in harbo zabbi biyu ko zomo. Da haka aka laƙaba mini Maharbi. Sunan kuwa ya shiga kaina ƙwarai, har tafiyata ta canja. Ban taɓa kayar da abin da ya fi zomo ba, amma in ka ji ni ina ba da labari a garejin kamfani, sai ka rantse giwa na saba kwantarwa.

A can wajen akwai wani dattijo Ba'abzine, makiyayi, da nakan ya da zango a wurinsa in sha shayi. Yana da wani farin amale, ƙaton raƙumi namiji, da yake ji da shi kamar ɗan cikinsa. Uwar ta mutu yana ɗan kwanaki, shi ya rene shi da nonon awaki a ƙwarya. In ya kira shi daga nesa, sai ka ga ƙaton nan ya taho ya ɗora haɓa a kafaɗarsa.

Wata Lahadi cikin sanyi na isa da hantsi, na tarar da mutane cirko-cirko, ba shayi, ba fara'a. Ashe lokacin barbara ne, amalen ya birkice fiye da kowace shekara. Ya cafki ƙanen dattijon a kafaɗa ya maka shi da ƙasa, har an kwashe shi zuwa likita. Kwana uku suna fama da igiya, ba wanda ya iya matsawa kusa. Ga shi ya tare bakin rijiya, yana ta kumfa, duk macen da ta doso da tulu sai ya bi ta. Sun yanke shawara a kayar da shi da bindiga, a yanka kafin rai ya fita.

Dattijon ya ja ni gefe, ya riƙe hannuna. Ya ce, "Maharbi, Allah ne ya kawo ka. Abu ɗaya nake roƙo. Kada ya wahala. Bindiga naka zai iya?"

Harsashi biyar ne a aljihuna, dukansu na tsuntsaye, masu ƙananan ƙwayoyin dalma. Na sani sarai. Mahaifina ya sha gaya mini cewa kowace dabba da harsashinta. Amma ga maza sun zuba mini ido, ga mata daga nesa suna nuna ni, ga sunan nan Maharbi yana kaɗa mini ganga a ka. Sai na ce a raina, in na matsa kusa na auna kai, ai dalma dalma ce. Na buɗe baki na ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Ɗaya ya isa."

Kusan da nake cewa ban yi ba, don da amalen ya juyo ya dube ni, sai na ja na tsaya. Daga wajen taku ashirin na yi bismilla na ja kunama. Kukan da ya yi har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Bai faɗi ba. Fuskarsa ta wanke da jini, idon hagu ya tafi, ya zabura cikin kori yana karo da itatuwa. Na juya na dubi dattijon. Bai zage ni ba, bai ma kalle ni ba. Amawalinsa kawai ya ja sama har ƙasan idanu, ya ɗauki wuƙarsa, ya bi sawun jinin da ƙafa.

Na shiga mota na koma Arlit. Na nufi wajen wani ma'aikacin gandun daji, mutumin Tahoua, da furfura ta fara cin gemunsa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya miƙo hannu. "Mi kaz zuba mishi? Kawo in gani." Na ba shi ɗaya. Ya yanka bakinsa da wuƙa, ya zazzage mini ƙwayoyin a tafin hannu, ƙanana kamar gero.

Ya ce, "Ɗan'uwa, wanga na zabbi na. An yi shi don ya watse, ko guda ta samu tsuntsu shina tashi. Fatar raƙumi fa? Ƙashin kanshi fa? Nan ƙarƙashin fata za su tsaya su yi ta cin shi." Bai ɗaga murya ba, da ma ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Ya ɗauko doguwar bindigarsa ta aiki da wani ɗan akwati. Harsasai iri biyu ne a ciki, kowanne tsawon yatsa. Ya ture masu taurin baki gefe, ya ce waɗannan huda dabba suke yi su wuce, su tafi neman wanda ke baya. Ya zaɓi masu bakin dalma mai taushi, waɗanda in sun shiga suke buɗewa, su karya ƙashi, su tsaya ciki. A hanya ya yi ta jero mini tambayoyi: girman amalen, daga ina za a iya tsayawa, mene ne a bayansa, bukkoki ko dutse. Ko ɗaya cikin waɗannan ban tambayi kaina ba da safe.

Da la'asar muka same su, can ciki. Amalen yana tsaye a gindin wata bishiyar ƙaya, ƙudaje sun rufe masa fuska, yana ta kewayawa yana neman duniya da ido ɗaya. Dattijon kuwa yana tsugune daga nesa, leɓɓansa sun bushe, tun hantsi yake bin sa yana yi masa magana da harshensu na Tamajaq cikin lallashi. Ma'aikacin ya ce masa, "Baba, riƙe wuƙa, da ya faɗi ka sheƙa." Ya lallaɓa ta gefen makahon idon, ya durƙusa, ya daɗe yana jira har dabbar ta juya, dutse ya zama a bayanta. Harbi ɗaya ya yi. Ƙafafun suka naɗe wuri guda. Dattijon ya ruga da gudun da ban san yana da shi ba, ya yi bismilla ya soke shi a gindin wuya, yadda ake yanka raƙumi.

Na zaci daga nan sai fiɗa. Sai dattijon ya hana kowa taɓawa. Ya zauna a ƙasa, ya ɗora kan a cinyarsa, ya karyo ƙaya yana cire ƙwayoyin dalmar nan daga fuskar, ɗaya bayan ɗaya, yana shafawa da gefen rawaninsa. Ni dai ina tsaye ina fatan ƙasa ta buɗe. Da ya gama ya taso, ya buɗe hannuna ya zuba mini su.

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Na yafe, yaron kirki ne kai. Amma da ka ce mini bindiga naka bai isa ba, da na jira. Kwana uku na jira, yini ɗaya ba zai kashe ni ba."

Washegari har ya aiko mini da rabona na nama, ban iya ci ba. Ƙwayoyin kuwa suna nan cikin kwalin ashana a ƙasan akwatina. Ban daina zuwa shan shayi wajensa ba har Allah ya karɓi abinsa, kuma bai taɓa tayar da zancen ba.

Abin da ranar ta koya mini ya wuce sanin harsashi, ko da yake shi ma na koya. Duk wanda ya miƙa maka abin da yake ƙauna ya tambaye ka ko za ka iya, ka duba aljihunka ka faɗa masa gaskiya. Kalma huɗu ce, "nawa bai isa ba," na ji kunyar faɗinta na minti ɗaya, sai dabbar da ba ta san sunana ba ta wuni tana ɗauke da ita a fuska.