Ranar da Inna Fanna ta buɗe baki

Ban taɓa mantawa da safiyar da Inna Fanna ta yi magana ba, ko da yake ba da ni ta yi ba.

Lokacin ni ce majo a sashen masu taɓin hankali a nan Damagaram, wato shugabar masu jinya. Ɗanta ne ya kawo ta daga Durum bayan 'yarta ta rasu wajen haihuwa. Tun ranar jana'izar ba ta ƙara cewa uffan ba. Wata da watanni ni ke yi mata wanka, in ba ta magani, in yi mata kitso ina ta surutu ni kaɗai. Ko kallona ba ta yi.

Da damina sai ga mutanen talabijin, za su shirya wasan kwaikwayo kan rayuwar irin sashenmu. Dokta ya hana su shigo da kamara, amma ya yarda Rakiya, wadda za ta fito a matsayin mai jinya, ta riƙa bin mu tana koyo. Ni aka haɗa ta da ita. Farar rigata ma na ara mata. Yarinyar ko awon jini ba ta iya ba.

Wata safiya muna raba magani, Rakiya ta zauna a bakin gadon Inna tana fama da ɗankwalinta. Sai na ji wata murya a dishe: "Ɗaurin nan bai yi ba, 'yar nan. Matso in gyara miki."

Ɗakin ya kaure da hamdala. Ni kuwa na ajiye maganin da ke hannuna. Na wuce ofishin Dokta na ce, "Ranka ya daɗe, yarinyar nan tana rikita mana aiki. A sallame ta."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Majo, Inna ta yi magana ko ba ta yi ba?"

"Ta yi."

"To, gobe ma ki zaunar da ita a wurin."

Haka na riƙa kai ta da kaina, in tsaya bakin ƙofa ina jin hirarsu. Da aka nuna wasan, gari ya ɗauka, har a kasuwa ana yabon tausayin Rakiya. Ranar da aka sallami Inna, ɗanta ya zo da zabi biyu yana tambayar "likitar talabijin". Aka kirawo Rakiya, Inna ta rungume ta tana kuka. Ni kuma ta ce mini, "Sai wata rana, malama." Ashe ko sunana ba ta riƙe ba.

Ku da kuke shigowa aikin nan yanzu, ku sani majinyaci shi ke zaɓar wanda zai buɗe wa ƙofa, kuma sau da yawa ba wanda ya daɗe yana ƙwanƙwasawa ba ne. Za ku ji zafi, ni ma har yau ina ji. Ku haɗiye, ku kai masa wanda yake so.