Ranar da Na Ɗora Jakar Hajiya a Kaina

Har yau ban manta da ranar da na naɗe gyalena na yi gammo, na ɗora jakar baƙuwa a kaina a tsakiyar duwatsun Oman ba. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kun ji labarin a bakin direbobi, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. To ga yadda aka yi, daga bakin wadda ta ɗauki jakar.

Ga wanda bai san aikinmu ba, ofishinmu yana Al Khabaisi, sitonmu yana Al Warsan. Idan sanyi ya shigo sai mu kwashi baƙi a mota daga Dubai, mu tsallaka iyaka ta Hatta, mu yi ta hawa har inda mota za ta ce ta gaji. Daga nan sai ƙafa. Can sama akwai tsofaffin itatuwa da mutanen wajen ke kira al'alan, da zaitun na daji. Jikinsu a murɗe yake kamar wankin da aka matse, kuma an ce wasunsu sun girmi kakannin kakanninmu. Ba a sara, ba a karya ko busasshen reshe, da gas muke girki. Kwana huɗu ake yi ana ratsa su, ana kwana a tanti.

Babban jagora shi ke gaba, maganarsa ce ta ƙarshe. Mai koyon jagoranci yana can baya tare da wanda ƙafarsa ta fi nauyi. Masu jakuna suna tashi da sassafe su kora dabbobinsu ta wata hanya da tantuna da ruwa da kayan abinci, sai yamma a haɗu da su a zango. Ni ce mai girki, ina tafiya cikin ayari da ƙaramin risho da tukunyar shayi don abincin rana. Ban yi boko ba, amma a gindin duwatsun Ningi na tashi, hawa bai taɓa ba ni tsoro ba.

Doka ɗaya ce ba a wasa da ita: kowa ya ɗauki jakarsa. Tun a sito ake auna ta kowane baƙo. Jagora kuwa jakarsa ba tasa ba ce, igiya ce a ciki da kayan ɗaurin rauni da ruwan ko-ta-kwana. Ƙarfinsa ma ba nasa ba ne, na duk ayarin ne. Idan ya ƙarar da shi a kan kayan mutum ɗaya, ranar da wani ya karye babu mai sauko da shi.

A waccan tafiya, sanyin shekaru uku da suka wuce, mai koyon ita ce Rifkatu, 'yar Kafanchan. Wankin tanti ya kawo ta sito. Da albashinta ta yi kwas ɗin taimakon gaggawa, ta yi ta naci har aka yarda a gwada ta. Wannan ce tafiyar gwajinta. Abin da babban jagora Salim ya faɗa a ofis bayan mun dawo, shi ke nan. In ya ce ta iya, a sabunta mata kwangila a matsayin jagora. In ya ce a'a, kwangilar wankin ma ta zo ƙarshe, biza ta mutu, sai gida. Tana da ɗa a hannun mahaifiyarta, da kuɗin nan ake kai shi makaranta.

Baƙin galibi Turawa ne da Indiyawa. Sai mutum ɗaya tamu, Hajiya Balaraba, mai harkar kago, wato aika kaya gida, a unguwar Abu Hail ta Dubai. Likita ne ya ce ta riƙa motsa jiki, 'yarta ta biya mata tafiyar, ita kuma aiki ya hana ta zuwa. Ofis suka yi murna, suka ce ga Rifkatu mai jin Hausa, sai ta kula da ita. Ni da na ji haka ban yi murna ba.

Jakar da aka auna wa Hajiya daidai take. Amma da muka sauka daga mota sai ga wata ta fito daga ƙarƙashin kujera, ta hannu, irin ta zuwa biki. Masu jakuna sun riga sun wuce da dabbobinsu. A ciki akwai fulas, da buta, da darduma mai kauri, da bargo, da kilishi da zai ishi gidan suna. Ba mu yi nisa ba Hajiya ta miƙa ta gefe, ko waiwaye ba ta yi ba.

"Ungo, 'yata."

Rifkatu ta rusuna ta karɓa da hannu biyu. Ban ga laifin Hajiya ba, ban ga na yarinyar ba. Mu haka aka haife mu. Babba ba ya tafiya da kaya yaro yana binsa hannu sake. Kafin azahar jakar bayan Hajiya ma ta koma ƙirjin Rifkatu, ga tata a baya. Ina kallon ƙafarta. Da muka zo gangara gwiwarta tana rawa kamar ta ɗan akuya sabon haihuwa.

Da yamma a zango ina yanka albasa Salim ya kira ta gefen murhuna. Mutumin duwatsun ne, ba ya ɗaga murya. Larabcina na kicin ne, amma na ji shi sarai. Ya ce mata jagora ba jaki ba ne. Ya ce bai sani ba ko kyautar kuɗi take nema, ko tsoro take ji, amma gobe in ya ga ko cokali ɗaya da ba nata ba a jikinta, khalas, zance ya ƙare. Ya kuma tuna mata cewa baƙo in ya kai ƙararta ofis, wannan ma ana lissafawa. Sai ya tafi duba jakuna. Na roƙi masu jakunan su ɗauki jakar bikin, suka ce dabbobin sun cika, sai jibi in ruwa da shinkafa sun ragu.

Rifkatu ta durƙusa kusa da ni tana gyara gas ɗin da ba abin da ya same shi.

Na ce, "Kin ji dai."

Ta ce, "Mama, da wane bakin zan ce mata a'a? Sa'ar uwata ce. In labari ya kai gida cewa dattijuwa ta miƙo mini kaya na noƙe, uwata ba za ta ci abincina ba."

Na ce, "In kika koma gida hannu rabbana, abincin wa za ta ci?"

Ta ci gaba da taɓa gas ɗin. Ban lallashe ta ba. Lallashi ba ya sauko da mutum daga dutse.

Washegari hanya ta shiga cikin itatuwan sosai. Salim ya yi gaba da masu sauri, kwana ta ɓoye shi. Mu uku ne a baya. Hajiya ta tsaya tana haki, ta miƙa jakar bikin gefe kamar jiya. Na ga hannun Rifkatu ya tashi da kansa. Kafin ya kai na riga shi. Na cire gyalena, na naɗe, na aza a ka, na ɗora jakar. Ga tukunya da risho a bayana. Na wuce gaban Hajiya na ci gaba da tafiya.

"Ke baiwar Allah, mai girki! Ba ke na ba ba. Ga yarinya nan."

"Yarinya tana bakin aiki."

"To ai aikin ke nan."

Na tsaya na juyo da jakar a kaina. Na ce, "Hajiya, in tambaye ki. Lokacin da aka daina fam da sule aka koma naira, kina ina?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Wace irin tambaya ce wannan a kan dutse? An ce ina goye."

"Ni ina tallar fura a tasha, ana cutata da sabon kuɗi. Yalla, mu je, rana tana yi."

Na juya na ci gaba. Ban yi taku da yawa ba na ji salati a bayana.

"Subhanallahi! Yaya, sauke. Don girman Allah sauke. So kike a ce Balaraba ta ɗora wa yayarta kaya a ƙasar mutane? In wani ya ɗauki hoto fa? Abu Hail gaba ɗaya sai ta gani!"

"Ba nauyi. Kilishi ne."

"Yaya!"

Ta zo da kanta ta sauke ta daga kaina. Ta tsaya riƙe da ita, ta dubi Rifkatu, ta dube ni. Ta gane cewa duk sanda jakar nan ta bar hannunta, kaina za ta dawo. Muka zauna a gindin wani al'alan, aka buɗe jakar. Ruwan fulas muka shanye. Kilishi ta ce a raba wa ayari da rana. Bargo da darduma Rifkatu ta naɗe su tam ta ɗaure a saman jakar bayan Hajiya, yadda aka koya mata, ta ja maɗaurin ƙugu har nauyin ya sauka daga kafaɗa. Turawa dai sun yaba kilishi, suna ci suna hawaye.

Kada ku ɗauka a nan aka gama. Ni na san dabarata ta rana ɗaya ce. Ba kullum za a samu tsohuwa a ayari ba.

Bayan la'asar muka iso gangaren da ke sauka zango na biyu. Hanyar mutum ɗaya ce, dutse a hagu, rami a dama, ƙasa kuma tsakuwa mai gudu. Salim ya ce in riga su sauka in ɗora ruwa, don sanyi yana saurin shigowa. Na sauka. Daga ƙasa ina ganinsu, kuma a wajen nan murya tana gangarowa kamar a ɗaki ɗaya kuke. Kowa ya iso, saura Hajiya da Rifkatu. Salim yana tsaye kusa da ni, ya harɗe hannu.

A tsakiyar gangaren Hajiya ta tsaya. Wannan karon ba son jiki ba ne, gajiya ce ta gaske. Ta fara kwance maɗaurin ƙugu.

"'Yata, yayar tawa ba ta nan. Karɓi, ƙafata ta mutu."

Na ajiye ludayi. Na ga Rifkatu ta rusuna, a wannan matsatsin, har gwiwarta ta kusa taɓa tsakuwa.

"Hajiya, ki yi mini aikin gafara. Ba zan karɓa ba."

"Me kika ce?"

"Ba zan karɓa ba, Hajiya. In na rungumi jakarki ba ni da hannun da zan riƙe ki. Ki mayar da maɗaurin. Ni zan shiga gabanki, ki dafa kafaɗata, inda na sa ƙafa ki sa taki."

"Lallai yarinyar nan idonki ya buɗe a Dubai."

"Ki yi mini faɗan a ƙasa, Hajiya, zan durƙusa in saurara. Yanzu dai ƙafar hagu."

Hannun Rifkatu bai tashi ba. Sannan na ji ƙarar maɗauri ya shiga. Suka fara saukowa shwaiya shwaiya, sannu a hankali, yarinyar tana gaba a karkace, hannu ɗaya a dutse, ɗaya riƙe da damtsen Hajiya. Inda tsakuwa ta yi yawa sai ta share da takalmi kafin ta ce a taka. Hajiya tana saukowa tana mita, ta ambaci likita, ta ambaci 'yarta, ta ambace ni. Rifkatu ba abin da take cewa sai "Sannu Hajiya, dama yanzu."

Salim ya tambaye ni me suke faɗa. Na ce masa baƙuwa ta ce a karɓi kaya, jagora ta ce a'a. Ya ce, "Jagora?" Na ce abin da na faɗa ke nan. Sai ya tafi ya ɗauko kofi biyu da kansa.

Da suka iso Hajiya ta zube a gindin wani tsohon zaitun, jakar tana bayanta, ta ƙi bari a cire mata sai da ta huta. Ta ɗaga kai ta dubi inda ta fito, ta daɗe tana kallo.

"Yaya, ni na sauko daga can?"

"Ke da kayanki."

"Yarinyar nan ba ta da kunya." Ta kurɓi shayi. "Amma hannunta kamar na maƙeri. Ke, zo ki zauna, tsayuwar me kike yi?"

Sauran kwanakin ba ta sake miƙa wa kowa komai ba. Bargo da darduma suka koma kan jaki da wuri ya samu. Butar kuwa ta ce ba mai raba ta da ita, ta rataye ta a jaka tana ƙwanƙwasa duwatsu har muka fito.

Da muka dawo Dubai, Salim ya faɗa wa ofis duka biyun, abin da ya gani ranar farko da abin da ya gani a gangare. Aka ƙara wa Rifkatu tafiya ɗaya ta gwaji, ta yi, aka ba ta jagoranci. Hajiya ta kai ƙara kamar yadda aka ji tsoro, amma ba ta yarinyar ba. Ni ta kai, wai mai girkinsu ba ta da fara'a. Manaja ya kira ni ya faɗa mini, na ce gaskiya ta faɗa. Sanyin da ya biyo ta dawo da ƙawayenta biyu 'yan Yamai, ta ce in ba Rifkatu ce za ta ja su ba a mayar mata da kuɗinta. Na ji ta da kunnena a sito tana ce musu, "Kowa ta ɗauki abin da za ta iya, nan ba a miƙa wa yara kaya."

Ku yaranmu da kuke shigowa wannan aiki, tarbiyyar da kuka zo da ita daga gida ba abin yarwa ba ce, ita ce ma ta sa baƙi suke neman ku da suna. Amma ku san inda za ku ajiye ta. Rifkatu ba ta daina rusunawa ba, a rusune ta ce a'a. A gida girmama babba shi ne ka karɓi kayansa. A kan dutse girmama shi shi ne ka sauko da shi da ƙafafunsa biyu, ko yana zaginka. Mu manya kuma mu ji tsoron Allah, mu san abin da muke miƙa wa yaran da ba za su iya ce mana a'a ba.