Scholastica Choji ta Kuru, Malamar Lakuros a Lewisham

Haihuwa da asali

An haifi Malama Scholastica Choji a ranar 9 ga watan Fabrairu na shekarar 1947 a garin Kuru da ke kudu da Bukuru, a lardin Filato na wancan zamani. Mahaifinta, Choji Bot, helman leburori ne a wani kamfanin haƙar kuza, mahaifiyarta kuwa, Chundung, manomiyar acca da dankali ce. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya bakwai, kuma mace ta fari. Fadan da ya yi mata baftisma ne ya zaɓa mata sunan waliyyiyar da ake tunawa da ita a kashegarin ranar haihuwarta, amma da yake sunan ya yi wa mutanen gida nauyi a baki, Sikola suke kiranta.

Karatu da fara koyarwa

Ta shiga makarantar firamare ta 'yan mishan a Kuru a shekarar 1954, inda ta yi suna wajen tsere, har aka ce babu namiji ko mace a ajinsu da yake iya kamo ta. A shekarar 1961 ta wuce kwalejin horon malamai mata, ta kammala a 1966, aka tura ta koyarwa a wata firamare a Bukuru. Shekara bakwai ta yi a can tana koyar da lissafi da safe, da la'asar kuma ta fita da yara mata fili, al'amarin da iyaye da dama ba su gamsu da shi ba a farko.

A shekarar 1973, lokacin da arzikin man fetur ya fara bunƙasa kuma gwamnatocin jihohi suka shiga tura matasa ƙetare neman ilimi, Jihar Binuwai da Filato ta zaɓe ta cikin malaman da za su je Ingila nazarin koyar da wasannin motsa jiki. Ta sauka a Landan a watan Satumba na wannan shekara, aka ba ta gurbi a wata kwalejin mata da ke gabashin birnin.

Haɗuwarta da lakuros

A wannan kwaleji ce ta fara ganin lakuros, wasan da 'yan mata goma sha biyu kan kara da wasu goma sha biyu, kowacce riƙe da sanda mai lanƙwasasshen kai da 'yar raga a bakinta, wadda da ita ake cafe ƙaramar ƙwallon roba, a yi gudu da ita, a wurga cikin ragar abokan hamayya. A ƙa'idar wasan mata ta wancan lokaci ba a shata wa fili iyaka, sai inda shinge ko bishiya ta tsayar da mutum, kuma da zarar alƙaliya ta busa usur wajibi ne kowa ta tsaya cak a inda take. Scholastica ta sha faɗa wa ɗalibanta daga baya cewa waɗannan abubuwa biyu ne suka ja hankalinta, domin filin da ba shi da iyaka ya tuna mata da tudun Kuru, tsayuwar kuwa ladabi ce da ba ta taɓa gani a wani wasa ba.

Malamar da ta koya mata wasan, wata dattijuwa mai suna Mis Oldroyd, ta lura da saurinta, ta sanya ta cikin tawagar kwaleji tun a zangon farko. Kafin ta kammala karatu a 1975 ta samu shaidar horarwa da ta alƙalanci, ta kuma ƙudurta cewa ita ce za ta kai wannan wasa makarantun 'yan mata na jiharsu. Ma'aikatar da ta turo ta ta amince da shawarar, aka sayi sanduna da ƙwallaye da ragogi da za su ishi makarantu huɗu, aka loda su a jirgin ruwa a tsakiyar shekarar.

Aure

A watan Disamba na 1974 ta auri Matiyu Kambai, mutumin ƙasar Zonkwa, wanda yake koyon aikin ɗaukar hoton ƙashi a wani asibiti a unguwar Whitechapel ta Landan. An ɗaura auren a wata majami'ar Katolika a unguwar Lewisham da ke kudancin Landan, inda suka kama ɗaki a saman wani shago kusa da kasuwa. An haifa musu ɗansu na fari, Bernard, a watan Oktoba na 1975. Sun yi shawara cewa ita za ta riga shi komawa gida da jaririn, shi kuma ya biyo baya idan ya kammala.

Shekarar da ta yi a gida

Ta koma Najeriya a watan Janairu na 1976, aka tura ta wata sakandaren 'yan mata kusa da Bukuru. Kayan wasan da ta yi tsammanin tararwa ba su iso ba, domin jirgin da ya ɗauko su yana cikin ɗaruruwan jiragen da cunkoson siminti ya tsare a gaɓar Legas. Da akwatunan suka iso bayan watanni, danshin teku ya riga ya karkatar da itacen, ragogin kuma sun ruɓe. A daidai wannan lokaci aka raba jihar biyu, jami'an da suka san da maganar aka watsa su wurare daban-daban, ba a sake tayar da ita ba.

Sanduna biyu ne kawai a hannunta, waɗanda ta zo da su cikin kayanta. Ta kai ɗaya wurin wani baduku a kasuwar Bukuru, Malam Almu, wanda ya jujjuya ta, ya tambayi ko ta kamun kifi ce, sannan ya ce a ba shi lokaci. Ya samo gora ya lanƙwasa a wuta, ya saƙa ragar da tsirkiyar fata, kuma ko da yake sandunansa sun fi na Ingila nauyi, sun yi aiki. Da su ne 'yan mata ashirin da wani abu suka koyi wasan a wani fili da ke tsakanin makarantar da wani tsohon kududdufin kuza. Shugabarsu ita ce Luba, 'yar wani tela, wadda Scholastica ta ce ba ta sake samun ɗaliba mai hannu irin nata ba har ta bar aiki.

A ƙarshen watan Nuwamba na 1976, ana shirin wasan nuni na farko a gaban iyaye, saƙo ya iso cewa Matiyu ya faɗi a wurin aiki, ƙodojinsa duka biyu sun daina aiki. Ta bar Bernard a hannun mahaifiyarta, ta tara ɗalibanta a filin ta ce musu:

"Ku ci gaba da atisaye, kada ku ajiye sandunan nan. Ba fasa wasan aka yi ba, ɗagewa aka yi. Kafin a dawo daga hutun Kirsimeti ina nan tare da ku."

Zama a Lewisham

Da ta isa Landan, likitoci suka bayyana mata cewa rayuwar mijinta ta dogara ne ga na'urar wankin ƙoda, wadda a lokacin babu inda za a same ta a kusa da gida. Ta nemi ƙarin hutu sau biyu, a ƙarshen 1977 ta ajiye aikinta na gwamnati. Hukumar unguwa ta ba su ɗakunan zama a hawa na shida na wani dogon bene, ita kuma ta samu aikin koyar da wasanni a wata sakandaren gwamnati ta 'yan mata a Lewisham, wadda galibin ɗalibanta 'ya'yan baƙi ne daga Jamaika da Ailan da Najeriya da Kuburus. Sai a 1979 aka kawo mata Bernard, yana ɗan shekara huɗu, ba ya jin kowane harshe sai Birom, kuma ya ɗauki lokaci yana kiranta da sunan da ya ji kakarsa tana kiranta.

Da ta nemi izinin fara lakuros a makarantar, shugabar ta amsa mata cewa wannan wasan makarantun masu hali ne, kuma babu kaya. Mis Oldroyd, wadda ta riga ta yi ritaya, ta tattaro mata tsofaffin sanduna daga tsofaffin ɗalibanta. Tun da makarantar ba ta da fili, Scholastica takan jera 'yan matan su hau tudun Blackheath a ƙafa, su yi atisaye cikin iska da yayyafi. Waɗanda suka yi zamani da ita sun shaida cewa takan tsaya wani lokaci bayan an tashi, tana duban sararin, kuma idan aka tambaye ta sai ta ce iskar wurin irin ta garinsu ce, duwatsu ne kawai babu.

Asalin ranar karramawa

A watan Fabrairu na 1978 tawagarta ta buga wasanta na farko da wata makarantar kuɗi a wajen birni. Ana cikin wasa wani daga cikin iyayen masu masauki ya riƙa jifan 'yan matanta da kalaman wulaƙanci game da launin fatarsu. Alƙaliyar wasan, wata tsohuwar malama mai suna Misis Penhale, ta busa usur, kowa ta tsaya, ta ce ba za ta sake busawa ba sai mutumin ya bar filin. 'Yan mata ashirin da huɗu suka yi ta tsayuwa cikin sanyi, babu wadda ta ɗaga ƙafa, har mutumin ya shiga motarsa ya tafi. An ci tawagar Lewisham da rata mai yawa a wannan rana, amma babu ɗaliba ko ɗaya da ta bar wasan bayanta.

Saboda wannan al'amari ne ta ƙirƙiro ranar karramawa a ƙarshen kakar wasa ta 1979, a zauren cin abinci na makarantar. A kowace shekara akan karrama alƙaliyar wasa guda, da mai horarwa guda ko da daga makarantar hamayya ce, da kuma ɗaliba, ba lalle wadda ta fi jefa ƙwallo ba, sai wadda abokan wasanta suka zaɓa. Misis Penhale ce ta fara karɓa. Scholastica da kanta take dafa gwaten acca domin taron, idan ta samu wanda ya zo mata da accar daga gida, idan ba ta samu ba ta yi da shinkafa ta ba baƙi haƙuri. A hankali wasu makarantun kudancin Landan suka shigo, har taron ya zama na yanki.

An yi wa Matiyu dashen ƙoda a 1980, ya samu lafiyar komawa aiki, amma da sharaɗin kada ya yi nisa da asibitinsa. Sun ƙara samun 'ya'ya biyu, Dokas a 1981 da Rwang a 1983.

Ziyarar 1984

Ba ta sake taka Kuru ba sai a watan Afrilu na 1984, domin jana'izar mahaifinta. Ta je tsohuwar makarantarta ta tarar an gina azuzuwa a kan filin, Malam Almu kuma ya rasu. Ta nemi Luba, ta same ta tana aikin ungozoma a wani asibiti a Jos. Luba ta ba ta labari cewa sun ci gaba da fita atisaye su kaɗai har kusan shekara biyu, suna koya wa na ƙasa da su, ƙwallayen suna faɗawa kududdufi ɗaya bayan ɗaya.

"Ranar da ta ƙarshe ta faɗa, mun tsaya a bakin ruwan mun daɗe," in ji Luba. "Ba mu yi fushi da ke ba, Malama. Usur kawai muke jira."

Shekarun baya

Matiyu Kambai ya rasu a watan Yuni na 1991. Ta yi niyyar komawa gida a lokacin, sai ta ɗage har yara su gama makaranta, da suka gama kuma rikicin da ya addabi Filato daga 2001 ya sa 'yan'uwanta suka ba ta shawarar ta dakata. Ta yi alƙalancin wasannin makarantu har gwiwoyinta suka gaza, ta yi ritaya a 2005. A taron karramawa na wannan shekara, wanda shi ne karo na farko da ba ita ta shirya ba, tsofaffin ɗalibanta suka cika zauren, cikinsu har da malamai da direbobin bas da alƙalan wasa da ta horar. Da aka nemi ta faɗi abin da take so a rubuta a jikin garkuwar da za a ba ta, ba ta zaɓi wani laƙabi ba, ta ce a rubuta sunanta, a ƙasansa a sa Kuru.

Rashin lafiya da rasuwa

A watan Oktoba na 2008 ta gamu da shanyewar ɓarin jiki, wadda ta ɗauke mata Ingilishi gaba ɗaya, ta bar mata Birom da Hausa. Dokas da Rwang suna jin Hausa amma da Ingilishi suke amsawa, Bernard kuwa ya riga ya manta harshen kakarsa, sai kalmomi ƙalilan. A haka suka yi jinyarta, tana yi musu magana suna fahimtar rabi. Abin da ta fi yawan tambaya a watanninta na ƙarshe shi ne ko ruwan shuka ya sauka.

Allah ya yi mata rasuwa a ranar 17 ga watan Maris na 2009, tana da shekara sittin da biyu. An yi mata addu'ar jana'iza a majami'ar da aka ɗaura mata aure, aka binne ta a maƙabartar Hither Green kusa da mijinta, a gaban jama'ar arewacin Najeriya mazauna Landan, Kirista da Musulmi, da ɗaliban makarantu sanye da kayan wasansu.

Ta rasu ta bar 'ya'ya uku: Bernard Kambai, injiniyan jirgin ƙasa a Landan, Dokas Kambai, malamar makaranta a unguwar Edmonton ta Landan, da Rwang Kambai, mai harhaɗa magunguna a ƙasar Kanada, da jikoki biyar, da ƙanne uku a Kuru. Filin da mahaifinta ya yanka mata a bayan gidansu domin ta yi gini idan ta dawo yana nan ba a taɓa shi da tubali ba. Ƙannenta suna shuka acca a kansa duk damina.