Malam Hamidu, Rizaf ɗin Bakin Daji

In ya idar da sallar asuba, Malam Hamidu ba ya komawa ɗaki. Tsumma yake ɗauka da ruwa a buta, ya hau tsani ya goge faifan sola da ke saman rumfarsa, don a cewarsa faifan da kashin tsuntsu ya rufe cin amanar batir yake yi. Daga nan ya sauko ya bi baturan da ke jere a kan katako yana shafa su da bayan hannu, wanda ya ji ya yi zafi ya ware shi gefe. Kafin hantsi ya riga ya jawo bencinsa bakin kwalta, daidai inda hanyar da ta taso daga Tudun Wada take faɗawa dajin Falgore, ya zauna jiran babura masu caji. Ba ya jin tahowarsu, domin ba su da ƙara. Da ido yake tare su, kuma idon nan ne yanzu yake neman ƙarewa. Likita ya ce ciwon ya ci jijiya, ba yana ba ce da za a cire. Bayan wannan daminar ba zai ƙara shiga daji a kan babur ba, kuma har ranar da na fara wannan rubutu babu wanda ya ce zai karɓe shi.

Ni malamin makaranta ne a Doguwa, iyalina kuma suna Kiru, don haka dajin nan na ratsa shi har na gaji da ratsawa. Da fetur ya fi ƙarfinmu, ni ma na bi sahun jama'a na koma babur mai caji. Ranar da na fara zuwa da shi bakin daji sai ga wani dattijo dogo, baƙi, ya shigo tsakiyar titi ya ɗaga mini hannu kamar mai tare saniya. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya leƙa mitar babur ɗina, ya ɗaga jakar littattafan da na ɗaure a baya ya ji nauyinta, ya ce in sauka. Na ce masa mai sayarwa ya rantse mini cajin zai kai ni Doguwa har da saura. Ya ce mai sayarwa a kan titin birni ya gwada, ba kaya, ba hawa, ba iska a gaba. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba, amma na sauka. Habu mai shayi, wanda teburinsa ke jikin rumfar, ya zuba mini ruwan zafi yana dariya, ya ce kowa da haka yake fara sanin Rizaf, wato Malam Hamidu.

Duk wanda ya taɓa hawa babur mai shan fetur ya san rizaf. Mai ya ƙare, babur ya fara tari, sai ka sunkuya ka murɗa ɗan famfon da ke ƙarƙashin tanki, ɗan ragowar da aka ɓoye maka ya sauko ya kai ka gari. In rizaf ɗin ma ya ƙare, ka kwantar da babur a ƙasa, ka girgiza shi, ka hura tanki da baki, ya ƙara jan ka. Da wannan muka girma. Abin ya shiga jininmu har ba ma yarda in mita ta ce babu, kullum muna ganin akwai wani ɗan abu da aka rage mana a ɓoye. To, babur mai caji ba shi da rizaf. In sandar ƙarshe da ke kan mita ta ɗauke, ya tsaya ke nan, shiru, ko tari ba zai yi maka ba. Da yawa daga masu sayarwa ba sa faɗin wannan. Sabon samfuri ya shigo, sai ka ji ana ta kururuwa a waya: wannan yana cin kilomita ɗari, wancan ya fi haka, wannan fitilarsa kamar ta mota. Babu mai cewa hawan Riruwai da buhun masara a baya zai cinye rabin abin da aka yi maka alkawari.

Malam Hamidu bai koyi wannan a makaranta ba. A da bakaniken babura ne a Tudun Wada, mai gyaran kafireto da fulogi, mutumin da iyayensa suka taso da shi a goye daga ƙauyen da ruwan Tiga ya cinye. 'Yarsa ta fari, Safara'u, tana aure a Riruwai wajen wani ɗan acaba, Tasi'u, wanda yana cikin na farko da suka sayi babur mai caji a yankin. Wata ranar damina ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. Ƙaramin asibitin da suka fara zuwa aka ce a wuce da ita gaba, inda za a samu jini. Babu mota a kusa. Tasi'u ya ɗora ta, wata maƙwabciya ta riƙe ta daga baya, ya duba mita ya ga saura sanda biyu, ya ce a ransa ai ko sun ƙare akwai ɗan abin da zai kai su. A tsakiyar daji, da rana tsaka, babur ya yi shiru.

Maƙwabciyar ce ta ba da labarin abin da ya biyo baya, kuma har yau in tana faɗa sai ta rufe fuska da mayafi. Ta ce Tasi'u ya sunkuya yana laluben famfo a inda babu famfo. Ya kwantar da babur ya girgiza shi. Ya tayar, ya murɗa totur, ya sake kwantarwa. Da ya ga babu, ya fito titi yana ɗaga hannu. Motoci sun wuce, ba ɗaya ba, ba biyu ba, amma a dajin nan wa zai tsaya wa mutum da mace kwance a gefen hanya? Kowa ya san da irin wannan ake yi wa matafiya tarko. Ba na zagin direbobin, ni ma da ina cikin motar ban san me zan ce wa direba ba. Kafin wani mai tifa ya yi ƙundunbala ya tsaya, rai ya yi halinsa.

Bayan kwana arba'in Malam Hamidu ya rufe shagonsa na cikin gari. Ya je daji ya ɗauko babur ɗin nan da Tasi'u ya bari a yashe, ya kwance shi gaba ɗaya a tsakar gida, ya zauna da shi har ya gane kansa. Maiɗakinsa, Iya Mairama, ta ce ta ɗauka taɓuwa ya yi. Sai ya sayar da kayan aikinsa na da, ya kafa rumfa a bakin daji, ya sa sola, ya fara tara batura. A kan wannan babur ɗin, ba wani ba, yake shiga daji har yau.

Aikin ba na tare mutane a bakin titi ba ne kaɗai. Masu tasowa daga Doguwa ba sa bi ta gabansa sai sun fita daga daji, kuma a ciki waya ba ta cika samun sabis ba. Sai ya bi direbobin hanyar ɗaya bayan ɗaya yana roƙonsu abu guda: bai ce su tsaya ba, amma in sun ga mai babur a tsaye, su rage gudu a rumfarsa su faɗa masa wurin. Yanzu da ka ji mota ta danna oda ta yi tsawa, direba ya leƙo ya ce wajen gada ko wajen dutse, to Malam ya miƙe. Ya ɗaura batir a baya, ya rataya igiya, ya shiga. Igiyar kuwa saboda sababbin samfura ne, don kowane kamfani da irin bakin cajinsa, wani ma batirinsa a kulle yake cikin jikin babur, ba ya cirowa. Irin waɗannan sai dai ya ja su kamar akuya har bakin daji.

Bala mai kai tumatir ya shaida mini cewa shi ya riga ya fara kalmar shahada ranar da nasa ya tsaya, don ya hango mutane suna motsi a cikin bishiyoyi, sai ga Malam ya ɓullo ba ƙara ba komai, ya sauya masa batir. Wata rana kuma Malam bai dawo da kowa ba. Ya dawo a ƙafa, ba takalmi, haƙarƙari a karye, an yi masa dukan kawo wuƙa an ƙwace batirin da ya tafi da shi. Babur ɗin kuwa 'yan fashin sun bar shi ne don sun murɗa sun ji shiru, suka ɗauka ya lalace. Akwai kuma ranar da ya isa a makare, ya tarar da wani magidanci zaune a gindin bishiya da gawar mahaifinsa a cinya. Shi ya taimaka aka ɗaure mamacin a bayan ɗansa da rawani, ya ja su har gari. Habu ya ce a ranar Malam bai ci komai ba, kuma washegari da asuba yana kan tsani yana goge sola.

Kai ne, Malam Hamidu, wanda aka zaga a bakin titi saboda ka hana mutum wucewa, ka haɗiye, ka ba shi benci. Kai ne ka shiga wurin da mai mota yake rufe gilashi ya ƙara wuta. Babu wanda ya naɗa ka, babu wanda ya ba ka riga ko hula. 'Yan acaba suka raɗa maka Rizaf don tsokana, ka amsa, duk da ka fi kowa sanin abin da kalmar ta ci maka. Ni dai in na tuna yawan mutanen da suke kwana a gidajensu yau saboda taurin kanka, sai in ji kunya ta kama ni a madadin mu duka.

Akwai mutum ɗaya da ban ambata ba a rumfar. Tasi'u. Tun da aka kafa ta yake zuwa, shi ke ɗaga batura masu nauyi, shi ke share wuri, sannan ya koma gindin wata bishiyar maɗaci can nesa ya zauna. Bai ƙara hawa babur ba tun ranar nan, ko a baya aka ce a ɗauke shi ba ya yarda. Shi da Malam ba sa magana kai tsaye. Da ma can akwai kunyar suruki, ga kuma abin da ya faru ya hau kai. In Malam yana son a kawo batir, sai ya dubi Habu ya ce a ce wa wancan ya miƙo na ƙarshen nan. Sunan 'yar kuwa, tun tana raye bai taɓa kamawa ba, kasancewarta 'yar fari. Yarinyar nan, haka yake cewa, har bayan ƙasa ta rufe idonta. Na sha tambayar 'yan acaba ko akwai mai karɓar aikin, kowa ya sosa ƙeya ya ce yana da 'ya'ya. Tasi'u kuwa babu wanda ya ma yi tunanin tambayarsa.

Juma'ar da ta wuce ina rumfar bayan azahar, ina jiran cajina ya cika, sai wata motar itace ta rage gudu. Direban ya ce akwai mai babur wajen gada, da mace a kwance. Malam ya miƙe, ya ɗaura batir da hannunsa kamar kullum, ya zaro makulli. Ya kai makullin bai samu ramin ba. Ya sake kaiwa, ƙarfe yana ta karce jikin babur. Ni kaina na kawar da kai don ba zan iya kallo ba. Sai ya juya fuskarsa wajen bishiyar maɗacin nan, ba wajen Habu ba.

"Mijin Safara'u," ya ce.

Tasi'u ya taso kamar wanda aka tasa daga barci. Ya zo ya durƙusa, ya ce, "Na'am, Baba." Malam ya miƙa makullin, Tasi'u ya karɓa da hannu biyu.

"Ko wa ka gani ya ɗaga hannu, ka tsaya," in ji Malam.

Kafin la'asar Tasi'u ya dawo yana jan wani babur da igiya, matar tana zaune a bayan mijinta, a galabaice amma da ranta. Aka sa su a mota zuwa asibiti. Tasi'u ya sauka ya zagaya bayan rumfa ya yi ta amai. Bai ce ya karɓi aikin ba, kuma ba zan sa masa magana a baki ba. Abin da na gani kawai shi ne Malam bai miƙa hannu neman makulli ba, shi kuma bai mayar ba.

Mun gode, Malam Hamidu. Allah Ya saka maka da mafificin alheri, Ya jiƙan wadda ba ka kama sunanta sai sau ɗaya. Ku kuma 'yan'uwana masu babura, mutum ɗaya ba zai ishi dajin nan ba, a samu masu tsaya masa. Masu sayarwa, ku ji tsoron Allah ku riƙa faɗa wa mutane cewa babu rizaf. Malam ya ce ko ido ya tafi gaba ɗaya ba zai bar bencinsa ba. Don haka in kun iso bakin daji kuka ga dattijo yana ɗaga hannu wajen da babu kowa, ku tsaya ku yi masa sallama da ƙarfi. Baburanku ba su da ƙara, ba zai san kun zo ba.